Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Ruwan Famfon Garinmu

Zuwa ga Mai Girma Ruwan Famfo,
Babban Tanki, Bayan Kasuwa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a cikin bututunka, ina neman izinin kawo ƙara. Kai nake ƙara, kuma gabanka na kawo ta, tunda garin nan ba shi da alƙalin da ke sauraron shari'ar ruwa.

Jiya bayan la'asar na ɗora wake. Hajiya, uwar maigidana, ce ta zo mana kwana biyu, ta ce wake da shinkafa take marmari. Aka kira magariba, wake yana nan yadda na zuba shi. Aka idar da isha'i, na tsamo ƙwaya ɗaya na latsa, ta kuɓuce daga yatsuna ta yi bayan ƙofa. Can sai gas ya ƙare. Da gawayin maƙwabta na ƙarasa girkin, Hajiya tana kan tabarma tana jan carbi, ba ta ce uffan ba. Sai da gari ya waye ta tambayi ɗanta, a gabana, cikin murya mai taushi, ko a makarantar da na yi ba a koyar da dafa wake.

Ana koyarwa, ranka ya daɗe. A can ne ma aka koya mini asalinka, shi ya sa ba zan ɗauki laifin da ba nawa ba. Daga sama ka sauko tas, babu abin da ke jikinka. Ka ratsa ƙasa ka kwashi iskar kabon, ka ɗan yi tsami, sannan ka isa shimfiɗar dutsen farar ƙasa da ke kwance a ƙarƙashin wannan yanki na Sakkwato, ka zauna kana lasar sa shekara da shekaru. Dutsen nan shi ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Su can sai sun sa manyan motoci da wuta kafin su samu, mu kuwa kana kawo mana shi a narke har cikin kicin. Kalsiyam da magnesiyam ɗin da ka ɗebo su ne suka kama danƙon da ke haɗe naman wakena, wanda zafi ya kamata ya saki, suka ƙara ɗaure shi. Ko kwana zai yi a wuta, sai ya ga dama.

Na san za ka ce in jefa kanwa. Na jefa. Iyayenmu sun san maganinka tun kafin a kafa maka tanki: kanwa tana kwantar da kalsiyam, wake ya saki jiki. Amma a tukunyar da kake ciki ɗan ƙanƙani ba ya isa, in kuma aka ƙara hannu wake ya yi duhu, ya ɗauki ɗanɗanon sabulu, bitamin B1 ɗin da ke cikinsa ya lalace. Wato in ci tsakuwa ko in ci sabulu. Wannan ne zaɓin da ake aiko mini takardar kuɗinsa kowane wata.

Kuma ka san wa ke shan kunyar? Amaren da aka kawo garin nan daga inda ruwa ke da daɗi. Yarinya ta iya girkinta a gidan ubanta, ta zo nan wake ya gagare ta, shayinta ya yi fatsi-fatsi da wani abu yana yawo a samansa, farar rigar miji ta dawo daga wanki ta dushe ta yi tauri. Dangin miji su haɗa kai su ce an kawo musu raguwa. Akwai gidajen da aka yi yaji a kan abin da kai ka aikata, kana kwance a randa ana ce maka abokin aiki.

Sabulu kuwa ai kai ne babban mai cinsa a unguwar nan. Sai ka gama haɗiye rabonka, ka mai da shi dusar nan mai maiƙo da ke manne wa bokiti, sannan kumfa take samun damar leƙowa. Butar lantarkina ta yi farin ɓawo a ciki har ta daina tafasa ruwa a kan lokaci, sai na jiƙa ta da lemun tsami take farfaɗowa. Bakin famfo ya toshe. Fatar yara ta yi furu-furu tun hunturu bai zo ba.

Sauran halayenka ba zan tsaya a kansu ba. Zuwanka sai tsakar dare. Bokitin farko jan tsatsa. Wani lokacin iska kawai kake turowa da tsaki. Bututunka na unguwarmu ta cikin kwata ya bi.

Don kada ka ce na zalunce ka: zartsinka ba guba ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa masa iyaka saboda lafiya ba, har ma an yarda kana ɗan ƙara wa jiki kalsiyam. Na gode da kalsiyam. Sai dai ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta 2007 ta ce kada nauyin irinka ya wuce miligiram 150 a kowace lita, kuma masana suna kiran duk abin da ya haura 180 ruwa mai tsananin nauyi. To kai nawa ne? Wa ya auna ka? Yaushe? A jikin tankinka an rubuta sunan wanda ya ƙaddamar da kai da manyan baƙaƙe, da fenti mai tsada, amma babu layi ɗaya da ya faɗi abin da muke sha.

Nan ne raha take ƙare mini. Farar ƙasa ko ba komai tana nuna kanta a buta. Abin da ba ya nuna kansa fa? A Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan burtsatsen da aka haɗa wa gari a tsakiyar shekarun 1980 garau yake, babu wari babu launi. Shekaru ana sha kafin a gane fuloraid ɗin da ke cikinsa ya zarce ƙa'idar miligiram 1.5 nesa ba kusa ba, bayan haƙoran yara sun rine, ƙafafun wasu sun lanƙwashe. Ban ce kana ɗauke da irin wannan ba. Na ce duk wanda ke karɓar kuɗina a kanka ya kamata ya iya nuna mini takardar da ta ce ba ka ɗauke da shi, ba ya ce mini ai ruwan ƙasa ne, Allah ya tace shi.

Gyaranka ma ba tsafi ba ne. Tun 1841 wani Bature a Sikotilan, Thomas Clark, ya nuna cewa in aka zuba wa irinka ruwan ƙonanniyar farar ƙasa daidai gwargwado, nauyin sai ya kwanta a ƙasan tanki a tsiyaye mai kyau. Maganin yana ƙarƙashin ƙafarmu, a cikin dutsen da ya ɓata ka. Alum ɗin da ake ta maganar an sayo, laka yake kwantarwa, ba ruwansa da kai.

Saboda haka ga matsayata. Kuɗin wannan wata zan biya, don ba na son a zo a yanke ni a gaban Hajiya. Amma na fara tara ɓawon da nake kankarowa daga buta a gwangwanin madara. Ranar da ya cika zan kai shi inda ake karɓar kuɗi, a ɗora a sikeli, a cire mini kuɗin dutse a bar na ruwa.

Wassalam.

Taka mai biyayya bisa tilas,
Wata matar aure a layin bayan asibiti.