Rabe-raben masu ɗora Linux a Maiduguri

Linux manhajar tafiyar da kwamfuta ce wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a ƙasar Finlan a 1991. Kyauta ake samun ta, kuma kowa na da damar buɗe cikinta ya gyara. Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, masu tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ba ta karɓa suka ƙara waiwayarta. Hanyar ɗorawa ɗaya ce ko'ina: a sauke, a zuba a filash, a tayar da kwamfuta da shi. Masu aikin ne dai suka kasu, kuma a Maiduguri ana samun su kashi shida.

Na farko shi ne Mai Gajen Haƙuri. Wannan ba ya karanta abin da ke kan allo, dannawa kawai yake. Da manhajar ta tambaya ko a share duk abin da ke cikin kwamfutar, sai ya ce mata bismilla. Minti 20 bayan haka, kundin kammala digirinsa na Jami'ar Maiduguri da hotunan bikin yayarsa sun riga mu gidan gaskiya. Washegari za a gan shi a shagon mai gyara yana rantsuwa bai taɓa komai ba. Mai gyara ya duba ya ce, "Yallaɓai, ai da hannunka ka sallame su."

Na biyu Mai Jiran Wuta. Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, wadda kamfanin Canonical ya fara fitarwa a 2004, ta haura gigabait 5, don haka sai tsakar dare yake saukewa, lokacin da data ke araha. Batirin kwamfutarsa ya mutu tuntuni. Duk wanda ya zauna a garin a 2021, lokacin da aka lalata turakun wutar hanyar Damaturu, ya san yadda labarin ke ƙarewa: saura kaɗan a gama, a ɗauke wuta.

Na uku Mai Mata Biyu, wanda ya raba kwamfutarsa tsakanin Windows da Linux, ya yi alkawarin adalci. Amarya Linux ta samu yabo a majalisa, amma kwana na uwargida Windows ne, domin CorelDRAW da yake cin abinci da ita ba ta da nau'in Linux. Yakan leƙa ɗakin amaryar ne kawai idan baƙi sun zo.

Na huɗu Ɗan Ƙaura. Ubuntu tana fitar da sabon nau'i duk Afrilu da Oktoba, amma shi wannan ya fi ƙarfin jiran wata shida. Yau Linux Mint, gobe Fedora, jibi Arch. Ya ƙware wajen ɗorawa, sai dai har yau ba a ga takarda ɗaya da ya buga ba.

Na biyar Ɗan Kali. Ya ji an ce Kali Linux ce ta masu kutse, ya ɗora ta, ya sa baƙar riga mai hula a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Burinsa shiga intanet ɗin maƙwabci, amma ko nasa ya kasa haɗawa. Ya kuma manta kalmar sirrin da ya sa da kansa.

Na shida Mai Wa'azi. Gaisuwa kaɗai ta isa ya fara. Ko a cikin Keke Napep daga Bulumkutu zuwa Kasuwar Monday, sai ya bayyana wa direba falalar manhajar da ba ta da mamallaki, alhali direban canjinsa yake nema.

Akwai wani kashi da ba a cika lissafawa ba, domin ba a jin duriyarsa. Shi ne wanda ya kwashe takardunsa ya adana, ya gwada manhajar daga filash tukuna, ya cika batir, ya karanta kowace tambaya kafin ya amsa. Kwamfutarsa kaɗai ce ke aiki, kuma a wurinsa sauran shidan ke aron ta.