Minti Goma a Gaban Farfesoshi

Minti goma aka ba kowane ɗalibi ya kare kundinsa na kammala digiri, ni kuwa na yi shiri irin na mai zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya. Dama tun ina yaro nake sauraron jawaban Ɗanmasanin Kano, Alhaji Maitama Sule, wanda ya taɓa wakiltar Najeriya a can, ina cewa ai shi ma baki ɗaya gare shi.

Wani abokina ya kawo mini dokar Guy Kawasaki: shafi 10 a majigi, minti 20, kada girman haruffa ya gaza 30. Na ce wannan rowa ce. Na kwashe babi biyar ɗin nan kaf, a kan asarar albasa bayan girbi, na ɗura su a PowerPoint, sannan na haddace su har da waƙafi.

Sai kuma na ci karo da labarin Demostinis, gwanin jawabin birnin Atina da ya mutu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa. An ce tsakuwa yake cusawa a baki, ya tsaya bakin teku yana magana don harshensa ya warware. Mu ba mu da teku, amma akwai rijiya. Bayan isha'i na wanke tsakuwa, na cika kumatu, na fuskanci guga na kama bayani. Inna ta leƙo da fitila.

"Kai, lafiyarka kuwa? Ko a kira malam ya yi maka tofi?"

Na buɗe baki in ce lafiya lau, ɗaya ta zarce ciki.

Ranar kariya na shiga da kwat ɗin aro mai matse hammata. Gaisuwa kaɗai ta cinye kusan rabin lokacina, don ban tsallake kowa ba, har masinjan da ke bakin ƙofa. Shafin farko na haskawa aka ɗauke wuta. Janareta kuwa an tafi nemo mai maɓallinsa.

Baƙon farfesan da aka gayyato ya cire tabarau. "Ci gaba, ɗana. Ai kai ka rubuta."

Tsoro idan ya zo, jiki yakan saki sinadarin adiranalin, zuciya ta kama gudu, yawu ya ƙafe. Wannan na san shi a littafi, ban san harshe zai manne a ganɗa ba. Na fizgo shi na fara zuba hadda, tiryan-tiryan, har wani malami ya yi tari. Kalma ɗaya ta sulluɓe. Hadda kuwa kamar tsintsiya take, igiya na kwancewa shi ke nan. Na koma farko. Na sake gaishe su.

"Mun amsa ɗazu," in ji shugaban sashe, yana kaɗa ƙararrawa.

Saura tambayoyi. Na shirya wa lissafi, na shirya wa ruɓewa da tsiro da zafin rumbu, na shirya wa manoman Aliero da ke jihar Kebbi. Farfesan ya rufe kundin a hankali.

"Nawa buhun albasa yake a kasuwa yau?"

"Ranka ya daɗe, wato, bisa ga nazarce-nazarcen da suka gabata..."

Masinja ne ya amsa daga bakin ƙofa, har da bambancin sabuwa da tsohuwa, ya ƙara da kuɗin dako. Na ga farfesa ya ɗauki biro yana rubutawa.