Roba-Roba Ya Sha Ado, Baƙin Mai Sai Wata Rana

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, aka samu wata sabuwar ƙabila a titunan Arewa: dattawa masu furfura a gemu suna koyon babur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Motoci suka koma gindin darbejiya aka lulluɓe su da tamfol, kaji suka samu wurin saka ƙwai. Malamin makaranta, akawun ƙaramar hukuma, har da Alhajin da a da ko kantin bakin layi ba ya zuwa sai a mota, duk suka nufi masu sayar da mashin suka ce a ba su roba-roba.

Zaɓin nasu ba laifi. Roba-roba jikan wani babur ne mai suna Super Cub, wanda kamfanin Honda na Japan ya fito da shi a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. An tsara shi ne yadda yaron da ke kai wa mutane taliya zai iya tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗauke da faranti. Shi ya sa ba shi da kulochin hannu: ka taka giya, ka murɗa wuta, shi ya ji da sauran. Kamfanonin Sin irin su Lifan suka ɗauki wannan zubi suka cika mana kasuwa. Inji ƙarami, tanki kusan lita 4, kuma ba ya neman komai a wurin mai shi sai baƙin mai mai kyau, iska mai tsabta, da sarƙa mai ɗan maiƙo. Injiniyoyin Japan sun yi lissafin ruwa da rana, hawa da gangara. Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne majalisar ƙofar gida.

Watan farko tarairayar amarya ake yi wa mashin. A falo yake kwana, a goge shi da asuba, a goge shi da la'asar. Ledar da aka naɗo shi da ita daga kamfani kuwa ba mai taɓa ta. Ta yage, ta yi baƙi, tana kaɗawa a iska, ruwa ya shiga ƙarƙashinta ya kwanta a kan fenti, amma tana nan, domin ita ce shaidar cewa sabo aka saya ba na hannu ba. Littafin da ya zo da mashin ɗin, wanda ya faɗi yaushe ake juye da yadda ake tafiya a hankali kafin inji ya saki jiki, shi kaɗai ake cirewa daga leda nan take. Zuwa yamma an naɗe ƙosai da shafi na 12.

Daga nan sai majalisa ta zauna. A kowace unguwa akwai mutum biyar da ba su da ko keke amma sun haddace injin babur. Na farkonsu, wanda yawanci ƙanen matar mai mashin ne, zai kewaya shi sau biyu, ya ɗan daki taya da ƙafa, ya girgiza kai.

"Yaya, wallahi ya yi. Amma cire madubin nan, sai ka ce ɗan koyo."

Yaya kuwa jiya-jiya ya daina faɗawa kwata. Amma da a ce masa ɗan koyo gara tirela ta zo ta bayansa bai gani ba. Sai a kwance madubai biyun. Ɗaya ya tafi ɗakin uwargida, ɗaya ya tafi wurin mai askin bakin masallaci. Daga ranar Yaya zai riƙa waiwaye da dukan jikinsa a tsakiyar titi, babur na bin inda haɓarsa ta nufa.

Bayan madubi sai salansa. A wurin majalisa babur mai tafiya shiru munafuki ne. Za a kai shi wurin mai walda a fasa cikin bututun, a zare abin da ke danne ƙara. Mashin ya dawo yana tsawa, jarirai su farka, awaki su tsinke igiya, ladan ya dakata har ya wuce. Mai shi zai rantse maka gudu ya ƙaru. Gaskiyar magana, dokin da ke cikin injin bai haihu ba. An daidaita kafireta ne da salansar kamfani, to da aka fasa ta sai ma'aunin mai da iska ya karkace, inji ya riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙa'ida. Abin da ya ƙaru shi ne labari: a da sai ya iso ake sanin ya fita, yanzu surukarsa da ke layi na uku ta san ƙarfe nawa ya dawo jiya da dare.

Sai kuma fitilu. Shuɗiya a ƙarƙashin inji, koriya a jikin taya, wata mai walƙiya a goshi, da hon irin na babbar mota wanda in aka danna mai tallan gyaɗa sai ta yar da faranti. Duk wannan a kan ɗan batirin da aka yi don fitila ɗaya da sigina da tayar da inji. Bayan sati biyu madannin tayarwa ya daina amsawa. Sai ka ga Alhaji da babbar riga a ƙofar ɗaurin aure yana dukan kik, gumi na tsiyaya, fitilar ado na ƙyafta ido a hankali. Abin mamaki, fitilar birki ta baya, wadda ita kaɗai ke gaya wa mai tipa cewa an tsaya, ta mutu tun bara, kuma kuɗin ƙwanta bai kai na kwalbar lemo biyu ba. Ba a canza ta ba saboda mai shi ba ya ganin ta.

A maganar ƙura ma akwai fatawa. Cikin wani ɗan akwati kafin kafireta akwai soso mai tace iska. Idan ya toshe, mashin zai fara sarƙewa yana shan mai. Maganinsa a ciro shi, a wanke, a bar shi ya bushe, a ɗan shafa masa mai a mayar. Majalisa ta ce wannan ɓata lokaci ne, a jefar da shi mashin ya sha iska. To, zai sha. Da hunturu, lokacin da ƙurar da ke tasowa daga hamadar Chadi ta rufe Kano har jirage su kasa sauka, wannan inji zai riƙa haɗiyar ta kai tsaye. Ƙura ta gauraya da mai ta zama abin gurza, tana cin ringi da fistan a hankali. Kafin damina mashin ya fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, mai shi ya ce ai fetur ɗin yanzu ne ba shi da kyau.

Mu zo kan uwa uba, baƙin mai. Abin da injin roba-roba ke ɗauka bai cika lita 1 ba, kuma wannan ɗan man shi ke taimakawa wajen sanyaya inji, shi ke yi wa giya da kulochi hidima. Ƙa'ida a zubar da na farko bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, domin sabon inji yana zubar da ɗan garin ƙarfe, sannan a riƙa juye a kai a kai. Amma ta ina za a san kilomita? Wayar maleji ta tsinke tun wata na biyu, allura ta kwanta a sifili, ko a hanyar Zariya mashin a tsaye yake a hukumance. Sai aka koma lissafi da manyan al'amura.

"Maigida, yaushe rabon da a yi masa juye?"

"Ai ba a jima ba. Lokacin sunan Ummi ne."

"Wace Ummin? Wadda na gani jiya da jakar makaranta?"

Bakanike zai kwance ƙusar ƙasa ya tara gwangwani. Abin da zai fito bai cika kofin shayi ba, ya yi kauri, ya yi baƙi ƙirin, yana ɗiga da ƙyar. Maigida zai leƙa, ya dangwala da yatsa, ya murza.

"Oga, wannan ai da sauransa. Ƙara masa kaɗan kawai."

Mutumin da ya biya kuɗin salansa ba tare da neman ragi ba, yanzu zai yi rabin awa yana ciniki a kan man da aka auno a tsohuwar gorar ruwa, wanda ba wanda ya san daga cikin wace mota ko wane janareta ya fito. In ka yi masa maganar na gwangwani mai hatimi sai ya ce duk mai mai ne. Ba rowa ba ce. Baƙin mai ne ya yi rashin sa'a: a ciki yake, ba ya ƙara, ba ya walƙiya, ba wanda zai tare ka a hanya ya ce, "Kai, Malam, wannan juye naka ya yi kyau!"

Ma'aunin fetur kuwa kunne ne. A buɗe tanki, a jijjiga mashin hagu da dama, a kasa kunne. In an ji motsi, to za a kai Sabon Gari. In ya mutu a kan gada, akwai matakai: a kwantar da shi gefe ɗaya, a ɗaga, a hura tankin da baki har kumatu su kumbura, a yi bismilla a daki kik. Wannan yakan ba da tafiyar da za ta kai mutum wurin ɗan bumburutu, inda zai sayi rabin kwalba ya sake jijjigawa don ya ji daɗin sautin.

Sarƙa ma tana da nata ƙorafin. Ana so a bar mata ɗan sassauci kamar faɗin yatsu biyu, a riƙa ɗiga mata mai. Tamu ko dai ta saki har tana dukan murfinta tana ƙaras-ƙaras, ko kuma ranar da aka tuna da ita a ɗaure ta tamau har ta cinye haƙoran da take hawa. Sannan a ɗora wa mashin ɗin da aka yi don mutum biyu maigida, uwargida, goyo, yara biyu a gaba, da buhun masara a tsakanin ƙafafu. In taya ta fashe a ce mai faci ne bai iya aiki ba. Tif ɗin da ke ciki kuwa faci ya yi masa yawa har ba a gane asalin launinsa.

Hular kwano ba ta cikin kayan ado, don haka ba ta cikin kasafi. Masu dogon tunani za su tuna Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta, wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a kai suka ɗaura mata igiya, har labarin ya kai kafofin watsa labarai na duniya. Yau an ci gaba. Wanda ya saya yakan rataye ta a hannun babur ko a gwiwar hannunsa, domin kada ta ɓata karin hular zanna. In an faɗi, gwiwar hannu za ta tashi lafiya lau.

Ranar da abin zai faru ba ta sallama. Ana cikin tafiya sai a ji ƙwas, tayar baya ta ja, inji ya buga. A turo shi wurin bakanike da rana tsaka. Oga zai kwance fulogi ya duba, ya hura, ya goga a wandonsa, domin kowace cuta daga fulogi ake fara neman ta ko da taya ce ta sace. Daga nan ya buɗe inji, ya yi salati, ya kira yaransa su zo su ga abin al'ajabi. Za a lissafa fistan, ringi, da sauran abin da ya ƙone, a aiki yaro kasuwa, ko Ƙofar Ruwa in a Kano ne, ko Panteka in a Kaduna ne. A tambayi maigida: gangariya ko mai sauƙi? Ya ce mai sauƙi. Kuɗin da zai biya duk da haka ya isa juye na shekara biyu.

Da yamma majalisa ta sake zama don gano musabbabi. Ba wanda zai ambaci baƙin mai ko soson da aka jefar. Wani ya ce kayan Sin ne ba su da ƙarko. Wani ya ce bakanike ne ya musanya wani abu. Ƙanen uwargida, wanda ya ari mashin ɗin ranar kai amarya ya yi ta ɗaga tayar gaba a gaban 'yan mata, shi zai yi ƙasa da murya ya kawo hukunci na ƙarshe.

"Yaya, ni fa tun ranar da ka fasa salansar nan na ga yadda maƙwabcinka ke kallon mashin ɗin. Baki ne."

Kowa ya gyaɗa kai. Washegari a liƙa wata takarda a bayan mashin mai gargaɗin mahassada, daidai kan fitilar birkin da ta mutu.

Ƙarshen zance, sai a yanke shawarar rabuwa da shi. A wanke shi da omo, a shafe robobin da mai su yi ƙyalli, a karɓo madubi ɗaya daga ɗakin uwargida, a nemo sabuwar leda a naɗe kujera. Dillali ya tura shi kasuwa, ya samu wani bawan Allah da ya gama ajiye motarsa a gindin darbejiya, ya dafa kafaɗarsa.

"Alhaji, wannan ba a hau shi ba. Wani dattijo ne mai shi, daga gida sai masallaci. Duba maleji ka gani da idonka."

Alhaji ya sunkuya ya duba, ya ga ko kilomita 900 bai cika ba. Ya ce Allah ya sa albarka, ya ƙirga kuɗi, sannan ya tambayi inda ake fasa salansa.