Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Takardar Kuɗin Abinci

Zuwa ga Hajiya Takardar Kuɗi,
Gidajen cin abinci na Wuse II da Maitama,
Abuja.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ko da yake ban taɓa jin an ce kin rame ba.

Hajiya, me ya sa ba kya fitowa sai an gama ci? A wajen mai tuwo, kuɗi ne ke yin sallama kafin abinci. Mutum ya zauna a benci ya ce, “Iya, zuba min na dubu ɗaya, a sa nama biyu,” ita kuma ta auna masa malmala daidai aljihunsa. Mai tsire ka faɗa masa na nawa, ya yanka, har ya miƙo maka ɗanɗano a kan wuƙa kafin ya barbaɗa yaji ya naɗe. Mai shayi kuwa, idan wata ya yi nisa, sai ya rubuta ka a littafi, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Ke kuwa sai ki laɓe a bayan kanta kina jin ana ta kiran abinci, ko tari ba za ki yi ba. Sai an wanke hannu, an kishingiɗa ana sakace, sannan ki taho a rufe cikin 'yar jakar fata. Na san za ki ce ai farashi yana rubuce a jerin abinci. Gaskiya ne. Amma an rage hasken fitila, an ƙanƙanta lambobin, kuma wane mai mutunci ne zai tsaya lissafi da yatsu a gaban baƙinsa? Balle saurayin da ya fito da wadda yake nema, ga ƙawarta da ba a gayyata ba, wadda ta ce ita ba ta jin yunwa, sannan ta nemi gasasshen kifi sukutum.

Sai kuma 'ya'yan da kike goyowa a can ƙasa. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya tashi daga kashi 5 a watan Fabrairun 2020, na gwamnati ne, wannan na yafe miki. 'Yar'uwarki ta Legas ma tun 2009 take ɗora wani kashi 5 na jiha. Amma kuɗin hidima fa? Yaron nan da ya yini a tsaye yana “yallaɓai, a ƙaro wani abu?”, yana isa hannunsa kuwa? In yana isa, me ya sa yake raka ni da ido har bakin ƙofa? Robar da zan juye sauran shinkafata, shinkafar da na riga na biya, ita ma kin sa mata kuɗi.

Ba zan zalunce ki ba. Janareta ba ruwa yake sha ba, esi ba ya aiki da addu'a, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ko tattasai ya san darajar kansa. Ga kuɗin haya. Sai dai ki ji kunyar wurin da kike zaune. Titin nan na Wuse II da kika fi yin sharafi a kansa, sunan Malam Aminu Kano aka sa masa, jagoran talakawa. A nan ne za ki sauka a teburin mutum huɗu, ki haɗiye Naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, har ki nemi ciko.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda kike tona asirin zumunci. Kina sauka, sai ki nufi gaban wanda rigarsa ta fi aiki, alhali wataƙila bashin ɗinkin ma bai biya ba. Nan take wani ya tuna bai yi Isha'i ba. Wani wayarsa ta yi ƙara, ƙarar da shi kaɗai ya ji. Na uku ya ce, “Haba Alhaji, wallahi bari ni in biya,” hannunsa na tafiyar hawainiya zuwa aljihu, yana addu'ar a riga shi. Idan an samu gwarzon da ya miƙa kati, sai na'urar POS ta ce babu sabis. A koma taransifa, kuɗi su fita, alat bai shigo ba. Sai ga dattijo da furfurarsa an zaunar da shi kusa da ƙofa, wai a jira manaja, masu shigowa na yi masa kallon wanda ya ci ya kasa biya.

Roƙona ba mai wuya ba ne. Ki riƙa zama da mu tun daga farko, a ba ki kujerarki, duk faranti da aka ajiye ki ɗaga murya ki faɗi inda aka kwana. Idan ƙawar nan ta buɗe baki za ta kira kifi na biyu, ki yi gyaran murya.

Ki gaida manaja, ki ce masa alat ɗin ya dube shi da kyau.

Naki,
Wani mai babbar riga, daga Kubwa.