Jinjina ga Masu Tsaron Baiwa

Allah ya ja zamanin Zage-zagi, magada Amina, ma'abota allo da alƙalami, dattawan Ƙofar Kibo da na sauran ƙofofin birni, waɗanda aka kawo wa makarantar koyon wasan kwaikwayo har bayan gida shekara hamsin da suka wuce, suka yi ta maza suka tsare 'ya'yansu daga sharrinta. Wannan ba aikin rago ba ne. Samaru, inda makarantar take, ba nisa gare ta ba, ɗan acaɓa ma ya san hanya. Ganuwar ƙasa da kakanni suka gina ta zaizaye, wani wurin sai an nuna wa baƙo kafin ya gane ta, amma wadda muka gina tsakanin ɗanmu da wancan sashe na Jami'ar Ahmadu Bello ko tsagewa ba ta yi ba.

Sai an san girman makircin za a san girman nasarar. A 1975 wani Bature, Michael Etherton, wanda ya taɓa koyarwa a Zambiya, ya zo Zariya ya fara koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar. A 1976 wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Steven Ehrlich, ya tsara musu dandalin wasa, kuma don tsabar wayo bai yi shi da siminti da gilashi ba. Da jar ƙasa aka gina shi, da ɗakuna masu rufin ciyawa a kewaye da fili, tamkar gidan Bahaushe, wai don Bahaushe ya shiga bai ji baƙunta ba. Ba su tsaya nan ba, suka kwashi ɗalibai zuwa Soba a 1977, zuwa Maska a 1979, suna yi wa manoma wasa da Hausa a kan abin da ke damun manoma. Yau abin ya kai ana ba da digiri na biyu har da na uku. Duk da wannan tarko, gwarazan iyayenmu ba su rusuna ba. Yaro ya cike takardar JAMB, uba na tsaye a kansa: likita, lauya, in ta ɓaci akanta. In jami'a ta yi kuskure ta jefa shi wancan sashe, sai gida ya ɗauki zaman makoki, maƙwabta su shigo jaje.

Abin burgewa shi ne ba ƙin wasan muke yi ba. In azumi ya kwana goma, yaran unguwa sukan fito tashe. Ka ga ɗan shekara tara ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a riga, ya ranƙwafa a kan karan dawa yana rawar murya, har kakarsa ta rantse ga marigayi mijinta nan ya dawo. Mata su yi ta shewa a tsakar gida, a zuba masa gero ko a miƙa masa 'yan canji. Wannan yaron ne zai girma ya ce, "Baba, ina so in yi karatun abin nan." Uba mai hangen nesa, garkuwar zuri'a, sai ya ajiye wayar da yake kallon fim a ciki, ya dube shi ya ce, "Allah ya shirye ka. A gidan nan ba mu haifi ɗan iska ba." Ya ɗauki wayar ya ci gaba daga inda ya tsaya, don Alhajin cikin shirin na gab da sakin matarsa ta uku.

Daga irin wannan tarbiyya muka samu jarumin zamani, gagarabadau, wanda aka haifa da aikinsa a hannu, kogin da bai roƙi ruwan sama ba, tauraron da bai taɓa ƙasƙantar da kansa ya karanta labari tun daga farko har ƙarshe ba. A wasu ƙasashe, bayin Allah kan shafe shekara biyu ko uku bayan digirin farko suna koyon numfashi kawai da fitar da murya, da yadda ake tafiya, da yadda ake yin shiru a gaban kyamara, da yadda ake sauraron abokin wasa. Wani ɗan Rasha, Stanislavski, ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken yadda mutum zai shiga rigar wani har ya ji zafinta a jikinsa. Kaico da wahalar banza. Namu jarumin yakan iso lokeshan da la'asar a aikin da aka kira da hantsi, darakta ya tarye shi da fara'a ya ce, "Yallaɓai, kai ne mijin. Ka shigo kawai ka yi faɗa." Ya shigo ya yi faɗa. In baƙin ciki ake so ya dafe kai, in mamaki ne ya dafe ƙirji, in kuka ne a shafa masa Robb a ƙasan ido, hawaye su zubo a kan lokaci. Fuska ɗaya tak, ta ishe shi fim ɗari, ko sarki ne ko direba ko malamin tsibbu. Wace jami'a ce a duniya za ta iya koyar da irin wannan tattali?

Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 muke kan wannan turba, kuma hikimarmu ta fi bayyana a abin da muka ɗauko daga Indiya. Mun ɗauko rawa a cikin furanni, da waƙa a cikin ruwan sama, da sauya kaya sau biyar kafin baiti ya ƙare. Makarantar koyon fim da suka kafa a Pune a 1960, wadda ta yaye Mithun Chakraborty da Jaya Bhaduri da Shabana Azmi, ita muka bar musu, don mai hankali ba ya ɗaukar kayan da zai yi masa nauyi.

Ranar da muka nuna wa duniya ko mu su wane ne ita ce a 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kano, har da wurin horar da masu sana'ar. Shekara da shekaru muna kukan 'yan fim ba su san aiki ba, suna ɓata tarbiyya. Da aka zo da maganar koya musu aikin, sai muka miƙe tsaye a majalisu da Facebook, cikin 'yan kwanaki magana ta mutu murus. Haka aka cece mu daga bala'in ƙwararren ɗan wasa, aka bar mana wanda muka saba zagi.

Zalunci ne a rufe wannan yabo ba a jinjina wa ɗaya ɓangaren ba, wato shaihunan jami'o'inmu, zakunan taron ƙara wa juna sani. Su ma sun riƙe amanar ganuwa daga nasu gefen. Ɗalibi ya yi shekaru yana rubuta kundi a kan fim ɗin Hausa, da Turancin da ko Bature sai ya nemi ƙamus, a yi masa bango mai kauri da rubutun zinariya, a jera shi a kanta inda babu wani darakta ko jarumi da zai dame shi har abada. Ana cikin haka, tsohon ɗan wasa Kasimu Yero, ɗan Zariya, ya rasu a 2017. Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, ya bi shi a 2023. Mutane ne da ɗaga girarsu kaɗai kan sa gida guda ya kwashe da dariya. Mun yi musu ta'aziyya mai ratsa zuciya, mun yaɗa hotunansu, kuma cikin girmamawa muka bar su suka tafi da sirrin sana'arsu cif, ba tare da mun gajiyar da kanmu wajen koyonsa ba.