Madalla da Gidan da Ba Ya Nuna Bambanci

Masu kukan babu adalci a ƙasar nan ba su taɓa leƙa gidan yari ba. Can ne kaɗai kowa yake daidai da kowa. Yaron da aka kama da akuyar mutane a Kurmin Kogi, da tsohon da rikicin gona ya kawo daga Kudan, da mai taɓin hankali, da riƙaƙƙen mai garkuwa da mutane, duk gabza ɗaya suke ci. Gwamnati ma ta yi abin a yaba, ta ɗaga kuɗin abincin fursuna daga naira 750 zuwa 1,125 a yini. Allah Ya sa kada ƙiba ta yi musu illa!

Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta zo da shisshigi, wai a ware yara, a kula da mata, a nema wa masu ƙananan laifuka hukuncin da ba ɗauri ba. Ina amfanin wannan wariya? Gidajen horon yara na tarayya da aka daɗe da sani guda 3 ne: Kakuri a Kaduna, da Ilori, da Abekuta. Ai sun wadatar da ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Wanda bai samu gurbi ba sai ya zauna da manya, ya shiga da satar kaza, ya fito gwanin fasa shago. Wace makaranta ce ke yaye ɗalibi haka, kyauta?

Mai taɓin hankali kuwa, me zai kai shi asibitin Barnawa alhali ga gandiroba? Mai jego ma ba a raba ta da jaririnta, shi ma ya fara sanin hukuma tun yana goye.

Ga tarbiyyar haƙuri. Kusan biyu bisa uku na mazauna gidajen yari jiran shari'a suke, wani har ya zarce wa'adin da alƙali zai yanke masa. Kuma wa zai manta Nuwambar 2024, da aka gurfanar da yaran Kano da Kaduna a kotun Abuja kan zanga-zanga? Wasu suka yanke jiki suka faɗi, aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Wannan ai karramawa ce, an ɗauke su manyan mutane.

Saboda haka, ranku ya daɗe mahukunta, kada ku taɓa komai. Ku bar gidan yadda yake, ɗalibanku na nan fitowa su gaishe mu a kan hanyar Zariya.