Yadda Ake Yi da Mai Zafin Hannu a Tabarmar Karta

Kowace fada tana da irinsa. Kafin a gama raba karta ya tura rabin abin da ke gabansa tsakiyar tabarma, yana bin kowa da kallo, wai ko akwai namiji. To, a ce wani ƙaninku ya dawo Droum daga Zinder ya koya muku foka, wasan nan da ya taso a Amurka a ƙarni na 19, wanda ake yin babbar gasarsa a Las Vegas tun 1970. An ba kowa karta biyu, za a buɗe biyar a tsakiya, shayin farko yana kan gawayi, ga gogan ya naɗe ƙafa. Zubawa za ka yi, ko ƙwanƙwasa tabarma za ka yi ka ce ka wuce?

Tun kafin a raba, nemi hagunsa ka zauna, don ya riga ka magana. Ka ce hayaƙi ne ya dame ka, ba wanda zai yi maka bincike. In wani ya riga ka wurin ka koma damansa, kai ne za ka riƙa fara buɗe baki, nan aikin yake.

In ka ɗaga kartarka ka ga sarki biyu, aka buɗe na uku a ƙasa, don Allah kada ka zuba. Ƙwanƙwasa kawai. In ka zuba, ka ba shi labari, zai yar da tarkacen da ke hannunsa ka tashi da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. In ka wuce kuwa, zuciyarsa za ta raya masa cewa tsoro ya kama ka, sai ya yi ta turowa. Duk wanda ya taɓa kallon kokawar takobi, wadda Nijar ke yi tun 1975, ya san mai shigowa da gudu nauyinsa ne ke kai shi ƙasa. Bi shi a hankali, zubi bayan zubi, sai a karta ta ƙarshe ka ƙara masa. Amma kada ka cika wasan kwaikwayo. Mai dogon tsaki da dafe kai, ko yaron da ke hura gawayi ya gane shi. Ka tambayi ko shayi ya nuna, ya isa.

Wuri guda ne nake hana haƙurin nan: in an buɗe karta biyu masu fure ɗaya, ta uku na iya ba shi abin da zai doke ka. Nan zuba da nauyi, ya biya kafin ya gani.

Hannu tsaka-tsaki lissafi yake so. In akwai tsinke 10 a tsakiya ya ƙara 10, kai 10 za ka sa don ka ɗauki 20. Ko sau ɗaya cikin uku kake cinye shi, ba ka faɗi ba, kuma mutumin da ke zuba a kowane hannu ba kullum yake da kaya ba. In hannunka fanko ne, ajiye. Kada ka ce za ka yi masa burga, irinsa ba ya jin ta, in yana da ɗan abu a hannu zai bi ka har ƙarshe don kawai ya ga abin da ka riƙe.

Da gangan na ce tsinke. Ku sayo ashana kwali biyu ku raba daidai, wanda nasa suka ƙare ya wanke kofunan shayi. Da an sa dala guda wasa ya zama caca, hukuncinta kuwa ba wanda bai ji shi daga bakin malamai ba. Kuɗin gero na mutanen gida ne, kada ku kawo shi tabarma.